Aikin ceto had-dis ɗin shagon Yaya

Litinin, 8 ga Satumba 2025

Yau da hantsi Yaya ya kira ni wai in zo shago babbar kwamfutar tana ƙamewa. Ita ce wadda ake buga furojet ɗin ɗalibai a kanta shekara da shekaru, nan Samaru, kuma ita ce take riƙe da firinta. Da na je na tarar yaron shago ya danna wani fayil na Word ya fi minti biyar abin na ta juyawa bai buɗe ba, sai na durƙusa na kara kunne jikin akwatin, can ciki na ji ƙas, ƙas, ta yi shiru, ta sake ƙas. Wlh gabana ya faɗi domin na san wannan ƙarar, allurar had-dis ce, wato faifan da kwamfuta ke ajiye komai a ciki, take neman karanta wani wuri tana kasawa tana komawa baya.

Na ce Yaya a kashe ta yanzunnan. Yace kai akwai ɗalibai uku suna jiran aikinsu fa. Nace a kwashe nasu ukun kawai a filash a ƙarasa musu a ƙaramar kwamfuta, haka akai. Abin da ya fi tayar min da hankali ba furojet ba ne ma, a cikin D:, wato ɓangaren dis ɗin da ake ajiye kaya, akwai wata folda mai suna BABA, karatun da marigayi mahaifinmu yake bayarwa a zaure bayan Magariba, kaset-kaset ne da muka sha wahala muka mayar MP3, kuma kaset ɗin da yawa sun riga sun lalace a ajiya. Na tambayi Yaya ko akwai kwafi a wani wuri, yayi shiru, yace yana jin akwai wasu a tsohuwar wayarsa.

Talata, 9 ga Satumba

Na kunna ta sau ɗaya tak don in duba da CrystalDiskInfo, manhajar da ke nuna lafiyar dis. Ya nuna ruwan ɗorawa, wato dis ɗin ba lafiya. Layi biyu nake dubawa kullum, 05 shi ne sektocin da suka mutu (sekta shi ne ɗan ƙaramin gurbin da dis ke rubuta bayani a ciki) dis ɗin ya musanya su da na ajiya, C5 kuma waɗanda ya kasa karantawa yana jira ya ga yadda za ta kaya. Dukkansu ba sifili ba ne, kuma C5 ya ƙaru a ɗan zaman da nayi ina kallo, wannan shi ne mummunan labarin.

Na leƙa tsarin fatishan, wato yadda aka rarraba dis ɗin gida-gida, kafin in kashe. Dis ɗin 500GB ne, Windows na nuna shi 465, ba wai an ci wani abu ba ne, masu ƙerawa da dubu suke lissafi ita kuma kwamfuta da 1024. Tsohon tsarin rabon dis ne da ake kira MBR, kuma fatishan huɗu cif, iyakar abin da MBR ke ɗauka kenan na asali: ƙaramin nan na 100MB da ya rage tun zamanin Windows 7, sai C: mai 150GB, sai wani ɗan ƙarami na gyara da Windows 10 ta yanka wa kanta lokacin da aka ɗaga ta, sai D: ya cinye sauran, kuma kusan 280GB a cike yake.

Wani maƙocin shago ya ba da shawara a yi mata chkdsk /r, umarnin Windows na duba dis da gyara shi, wai zai gyara. Na ƙi. Wannan umarnin bin dis ɗin yake sekta bayan sekta yana karantawa yana kuma rubutu a kai, dis mai ciwo idan ka sa shi wannan aikin na awanni zai iya ƙarasa mutuwa a hannunka, kuma duk abin da ya canza ya canzu kenan. Sai an kwafe tukunna, gyara a kan kwafi ake yi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Mun sayo dis 1TB na hannu da SSD sabo 256GB, wato irin dis ɗin da ba ya juyawa kuma ya fi sauri. Na hannun sai da na sa mai sayarwar ya jona shi na duba awannin da yayi yana aiki da 05 da C5 ɗinsa a gabansa kafin mu biya, 05 da C5 ɗin duk sifili. Na yi masa fomat NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, saboda daga baya shi zai zama sabon D: a cikin kwamfutar.

Filash ɗina na aiki akwai Ventoy a kai, manhajar da ke sa a iya tada kwamfuta daga filash, shi daɗinsa ba sai kana ta goge filash ba, jefa fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan da ake tada kwamfuta da shi, kawai kake yi ciki ya baka zaɓi in ka kunna. Na zuba SystemRescue, wato Linux na aikin ceto, da Clonezilla mai kwafe dis sukutum, da na Windows 10. Data ta sha kashi amma ba komai.

Asabar, 13 ga Satumba

Yau aka fara aikin gaske. Wannan tsohuwar destof USB 2.0 kawai gare ta, in aka bi ta nan da ƙyar ake wuce 30MB a daƙiƙa, 500GB kenan zai kai awa biyar ko da dis ɗin lafiyarsa ƙalau, ni kuma bana son mara lafiyar nan ya daɗe yana juyawa. Sai na buɗe akwatin na zare kebul ɗin SATA na DVD na jona sabon dis ɗin da shi, duka biyun suna ciki kenan.

Na tashi kwamfutar daga SystemRescue. Kafin in taɓa komai na buga lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL na rubuta lambar kowane dis a takarda na manna a jikin allo, domin Linux ba C: da D: ta sani ba, sda da sdb take kira, kuma sunayen na iya musanyawa in aka sake kunnawa. Duk wanda ya juya wajen ɗauka da wajen zubawa to ya shafe abin da yazo ceto da hannunsa, kuma babu mai tambayarsa ko ya tabbata.

Abin da nayi amfani da shi ddrescue ne, ba dd ba, duka biyun manhajojin kwafe dis ne a Linux. Bambancinsu shi ne dd in ya ci karo da mataccen wuri ko ya tsaya ko ya tsaya yana ta dambe da wurin, shi kuwa ddrescue tsallakewa yake ya fara kwashe duk inda ke da lafiya tukunna, sannan ya dawo kan masu wuya daga baya, ga shi yana rubuta wani ɗan fayil na taswira da ke riƙe inda ya karanta da inda ya kasa. Zagayen farko na sa masa -n wato kar ya tsaya kankare wuraren da suka ƙi, dis ɗin gaba ɗaya ya koma fayil guda da ake kira imej, shago.img, taswirar kuma shago.map.

Ya kai kashi 61 cikin ɗari hadari ya taso aka ɗauke wuta, UPS ɗin shagon, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, batirinsa ya gaji bai riƙe ko minti biyu ba. Yaya ya dafe kai yace shikenan an koma farko ko? Nace a'a Yaya, taswirar nan saboda irin haka aka yi ta. Muka tada janareto, na sake duba lsblk, kuma sai da na gwada da takardar nan kafin in yarda, na sake buga umarnin da fayil ɗin taswira ɗaya, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ban taɓa jin daɗin wata manhaja kamar yau ba gaskiya. Wajen tara na dare ya gama zagayen farko, sama da kashi 99 sun fito.

Lahadi, 14 ga Satumba

Zagaye na biyu, -d -r3, wato ya karanta kai tsaye ya kuma gwada kowane mataccen wuri sau uku. Wannan ya fi na jiya cin rai, ƴan megabait ne suka rage amma ya kwashe yini, lambar na motsi kamar ba ta motsi, ƙarar nan kuma ta ƙaru. Na sa fanka a gefen akwatin don kar yayi zafi. Da La'asar ya tsaya, abin da ya gagara karantuwa bai kai 300KB ba a wurare bakwai. Na cire tsohon dis ɗin na naɗe shi na rubuta KAR A JONA a jiki na sa a durowa.

Talata, 16 ga Satumba

Kashi 99.99 yana da daɗin ji amma tambayar ita ce waɗannan wurare bakwai a cikin wane fayil suka faɗa. Na haɗa imej ɗin da losetup yadda fatishan huɗun suka fito kamar dis na gaske, na buɗe D: a yanayin karatu kawai. Dama ko na so rubutu ba lalle ya yarda ba, saboda Windows 10 in an bar mata Fast Startup ba ta kashewa gaba ɗaya, tana barin NTFS kamar mai shirin dawowa, Linux kuma tana ƙin rubutu a kai don kar a yi ɓarna.

Na fara kwashe D: gaba ɗaya zuwa folda da rsync, manhajar kwafe fayiloli, ya daɗe saboda dis ɗaya ne ake karantawa ake kuma rubutawa. Sai da wannan ya kammala sannan nayi dabarar gano fayilolin da suka samu rauni: ddrescue yana da yanayin cikawa, ka ba shi wata kalma ya rubuta ta a daidai wuraren da taswira tace sun mutu, sai ka bi fayiloli da grep kana neman kalmar. Na sa LALATACCE don na san ba wanda zai rubuta haka da manyan baƙaƙe a cikin furojet ɗinsa.

Sakamako: biyu sun faɗa inda babu komai, ɗaya a pagefile na C:, fayil ɗin wucin gadi wanda Windows ke sake yin sabo, biyu a wani bidiyon biki, ɗaya a tsohon furojet na 2019 da mai shi ya daɗe da karɓa. Na bakwai a cikin BABA yake. Fayil na 34, wajen 60KB suka tafi, kuma da yake MP3 ne mai 128 wanda ke cin 16KB duk daƙiƙa, kusan daƙiƙa huɗu kenan. Na sa abin ji a kunne na nemo wurin. Yana cikin bayani kan alwala, yace "to idan mutum ya wanke", sai tsalle, sai ga shi har ya kai shafar kai. Na maimaita wurin ban san sau nawa ba. Sauran fayil 111 lafiya lau suke, Alhamdulillah, amma na daɗe zaune a shagon bayan kowa ya tafi.

Na duba tsohuwar wayar Yaya, guda goma sha biyu ne a ciki kuma babu na 34.

Juma'a, 19 ga Satumba

Bayan masallaci Yaya ya zo da filash wai 128GB ya samu da araha wajen wani mai yawo da kaya, a zuba BABA da muhimman takardu a ciki a ajiye a gida. Niyyar tayi kyau amma kuɗin da ya faɗa ya sa na yi shakka. Na sa mata H2testw, shi cika filash yake da bayanai har baki sannan ya dawo ya karanta ya ga ko abin da ya rubuta ne ya dawo. Wajen 7GB na farko ne kawai suka dawo daidai, sauran duk shara. Irin waɗannan an yi wa ƙwaƙwalwarsu ƙarya ne ta riƙa cewa ita babba ce, za ka ga sunayen fayil ɗinka reras a jere ka ɗauka suna nan, ranar da ka buɗe ka tarar babu komai. Da mun zuba karatun Baba a nan mun saki jiki, ban san me zan ce ba.

Yaya yace to yanzu ya za a yi. Nace a daure a sayi dis na waje na gaske, domin a yanzu imej ɗin da foldar da na kwafe duk a kan dis ɗaya suke, kuma na hannu ne, in ya tafi sun tafi tare.

Litinin, 22 ga Satumba

An sayo na wajen, 1TB, na kwafe D: a kai na sake bi da rsync -c wanda ke gwada abin da ke cikin kowane fayil ba suna da girma kawai ba. Babu bambanci. Yau ne na fara barci da daɗi.

Sai batun C:. Ni da son raina ne sabuwar Windows zan zuba a SSD a huta, amma Yaya yana da hujja, akwai CorelDRAW da aka saita yadda suke so, akwai haruffan Larabci da aka tara tsawon shekaru don buga littattafan Islamiyya da katin biki, ga direban tsohuwar firinta da aka sha wuya kafin ya zauna. Kuma tunda raunin C: a pagefile kawai yake babu dalilin ƙi.

SSD 256 ne, yana nuna 238, dis ɗin da aka ɗauko kuma 465, don haka kwafe dis ɗin gaba ɗaya ba zai shiga ba, Clonezilla ma ƙi yake in wajen zubawa ya fi ƙanƙanta. Amma ukun farko duka ba su wuce 151GB ba. Na yanka fatishan uku a SSD da GParted, kowanne daidai ko ya ɗan fi na asali, na bar shi ya daidaita su a kan MiB yadda SSD ke so, sannan na kwafe ɗaya bayan ɗaya daga imej ɗin da ntfsclone, shi wuraren da ke da kaya kawai yake ɗauka baya ɓata lokaci kan fili. Na sa wa na 100MB alamar but, wato daga nan kwamfutar za ta tashi. Na kunna.

Shuɗin allo, 0xc000000e. Dare yayi, na bari sai gobe.

Talata, 23 ga Satumba

Laifin daga wajena ne kuma na gane shi tun a hanya. Windows ba da sunan C: take nemo kanta ba lokacin tashi, a cikin BCD, fayil ɗin da take dubawa lokacin tashi, an rubuta lambar shaidar dis ɗin da inda fatishan ya fara, ni kuma sabon teburin fatishan na yanka, SSD ya samu sabuwar lamba, sai ta tashi tana neman dis ɗin da ke cikin durowa. Da na kwafe teburin da sfdisk na cire layin D: kawai da lambar ta biyo, ko da yake shi ma yana da nasa, in ka jona dis biyu masu lamba ɗaya Windows sai ta kashe ɗaya.

Gyaran bai kai minti goma ba. Na tashi daga ISO na Windows, Shift da F10, diskpart na ba ƙaramin fatishan harafin S, na duba wane harafi Windows ɗin ta samu a nan domin ba kullum C ba ne, sai bcdboot da /s S: /f BIOS don ya sake rubuta BCD ɗin. Na cire filash na kunna, sai ga hoton allon shagon ya fito, cikin daƙiƙa ashirin da wani abu, kwamfutar da a da sai ka kunna ka je ka sayo ƙosai ka dawo. Yaron shago har tafi yayi.

Yanzu ne nayi chkdsk ɗin, a kan SSD, sai sfc /scannow mai duba fayilolin Windows. Na kashe Fast Startup. Filin da ya rage a SSD na bar shi haka tukunna saboda ɗan fatishan ɗin gyara ya tokare tsakaninsa da C:, sai an matsar da shi da GParted kafin C: ya faɗaɗa, kuma ba a matse ake ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Tunda komai ya zauna, firinta na bugawa, Larabci na fita daidai, na ɗauki imej ɗin SSD ɗin gaba ɗaya da Clonezilla, savedisk, zuwa dis na waje. Kaya wajen 60GB ne, da ya matse su suka dawo ƙasa da 35. Na bar shi ya duba imej ɗin bayan ya gama duk da yana ƙara lokaci.

Amma dubawarsa bata ishe ni ba, so nake in ga ta tashi da idona. Na ari wani dis 320GB da ke ajiye, na cire SSD gaba ɗaya daga akwatin don kar a samu kuskure, nayi restoredisk a kan aron. Sau biyu yake tambaya ko ka tabbata kafin ya shafe, kuma duk sau biyun sai da na karanta lambar dis ɗin. Ta tashi ba tare da wani gyara ba, saboda shi Clonezilla har teburin da lambar yake ɗaukowa. Na buɗe Corel na buga shafi ɗaya. Na sa Yaya ya zauna ya yi da hannunsa karo na biyu ina tsaye, ya rubuta matakan a bayan littafin lissafin shago da nasa kalmomin, saboda ba kullum nake gari ba.

Abu ɗaya da na jaddada masa, imej na Clonezilla ba kamar folda ba ne da za ka buɗe ka zaro fayil ɗaya, na ranar da Windows ta ƙi tashi ne. Ayyukan yau da kullum dabam ake kwafe su.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na rubuta ɗan fayil na robocopy, umarnin kwafe fayiloli na Windows, a kan allo, yaron shago ya jona dis na waje duk Asabar kafin a rufe ya danna sau biyu, in ya gama ya cire a tafi da shi gida. /E na sa ban sa /MIR ba, domin /MIR in an goge abu a D: bisa kuskure shi ma zai goge shi a ajiyar. Kuma na hana a bar dis ɗin a jone, irin ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli duk abin da ta gani a jone take bi, ga filash ɗin ɗalibai da ke shiga kwamfutar nan ba adadi. An canza batirin UPS.

Laraba, 15 ga Oktoba

Jiya 14 ga wata Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum. Wannan kwamfutar ba ta da TPM 2.0, ɗan guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata, kuma furosesarta ta tsufa, ba za ta hau 11 ta hanyar da aka amince ba. Akwai tsarin ESU da ke ƙara shekara ɗaya na gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026, zan duba mata shi sati mai zuwa, kafin nan na sake ɗaukar sabon imej na ajiye kusa da na 27 ga Satumba ban goge tsohon ba. shago.img ma yana nan, 465GB ne yana cin wuri amma ban shirya rabuwa da shi ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na je Kaduna wajen Anti, yayarmu babba. Na kai mata BABA a memori na gaske da na gwada da H2testw tun a gida, na kuma zuba mata a laftof ɗin ɗanta, kwafi na huɗu kenan kuma shi ne na farko da ya bar Zariya. Ta sa aka kunna a falo, muryar na fitowa ta rufe fuska da mayafi. Da muka zo kan na 34 na gaya mata akwai daƙiƙa huɗu da suka ɓace, ta sa na mayar baya ta saurara, sai tace ai akwai wani almajirin Baba da yake zuwa da rakodarsa a wancan lokacin yana ɗauka shi ma, tana jin yanzu yana Funtuwa, za ta tambayi Umma sunan unguwarsu. Na ce in an same shi a gaya masa kar ya sa kaset ɗin a kowace rediyo, ni zan je da kaina da na'urar.